Keto a tukunyar Bahaushe: yadda ake yinsa da inda yake ɓaci

Tambayar ta fito ne daga wata 'yar'uwa mai shekara 38. Nauyinta kilo 94, tsawonta santimita 163, tana shan maganin hawan jini, kuma gwajin da ta yi kwanan nan ya nuna sukarinta ya fara hawa, ko da yake ba a ɗora ta a kan magani ba tukuna. Ƙawarta ta shiga keto, wato tsarin cin abinci da ake rage sitaci da sukari ƙwarai, ta zubar da kilo 4 cikin kwana goma. Tana so ta san ko abin gaskiya ne, ko zai yiwu da abincinmu na gida, kuma ko akwai haɗari ga mai irin jikinta.

Hajiya, bari mu fara da kilo huɗun nan na ƙawarki, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sikeli bai yi mata ƙarya ba, amma yawancin abin da ya tafi ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kusan giram 100 a hanta da kusan giram 400 a tsoka, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da mutum ya daina cin sitaci, jiki sai ya cinye ajiyar cikin kwana biyu zuwa huɗu, ruwan da ke ɗaure da ita ya fita ta fitsari. Ga shi kuma sinadarin insulin ya sauka a jini, idan ya sauka ƙoda takan saki gishiri, gishirin ya tafi da nasa ruwan. Shi ke nan kilo biyu ko uku sun ɓace a mako guda. Kitsen jiki ba ya tafiya da wannan saurin. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kusan 7,700, don haka mai zubar da rabin kilo zuwa kilo ɗaya na kitse a mako yana kan hanya sosai. Ki riƙe wannan lissafin, zai hana ki karaya a mako na uku lokacin da sikeli ya rage gudu.

Shi keto ba don rage ƙiba aka ƙirƙiro shi ba. A 1921 ne likita Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya raɗa masa suna, a matsayin maganin farfaɗiyar yara, kuma har yau ana amfani da shi ga yaran da magani ya kasa tsayar musu da ita, ƙarƙashin kulawar asibiti. Dabararsa ita ce a rage sitaci da sukari ƙwarai har hanta ta koma narka maiƙo tana fitar da wasu sinadarai da ake kira keton, waɗanda ƙwaƙwalwa da tsoka suke ƙonawa a madadin sukari. Ga babba mai neman rage nauyi, iyakar ita ce giram 20 zuwa 50 na sitaci da sukari a yini gaba ɗaya. Ba a lissafa faiba a ciki, wato zaren ganye da dusar da hanji ba ya narkarwa.

Yana aiki? Yana yi. Amma ba don wani sirri ba. Abin da yake yi shi ne ya kashe yunwa: nama, ƙwai da maiƙo suna daɗewa a ciki, keton ɗin kansa yana rage sha'awar abinci, sannan an cire duk abubuwan da hannu ba ya iya tsayawa a kansu, su burodi, lemon kwalba, cincin da ƙarin shinkafa. Mutum sai ya ci ƙasa da da ba tare da ya sha wahala ba. A watanni uku zuwa shida na farko yakan fi sauran tsare-tsare saurin sauke nauyi, daga nan tazarar ta tsuke. Wani nazari na 2013 da ya tattara gwaje-gwaje 13 da aka bi mutane shekara guda ko fiye ya samu masu keto sun fi masu rage maiƙo da ƙasa da kilo ɗaya kacal. A 2018 jami'ar Stanford ta bi mutum 609 na tsawon wata 12: masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6, masu rage maiƙo kusan kilo 5.3. Inda ya fi nuna kansa shi ne sukarin jini, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa ya cancanci ki duba shi. Wanda sukarinsa ya fara hawa, rage abin da ke komawa sukari yana sauke shi kai tsaye, tun kafin nauyi ya motsa.

Kafin tukunya, maganar magani. Kada ki fara sai likitan da ya ɗora ki a kan maganin hawan jini ya sani. Keto yana fitar da gishiri da ruwa, jini yakan sauka a makon farko ko na biyu, idan kuma cikin magungunanki akwai mai sa fitsari, abin ya zama biyu. Ki samu na'urar awon jini a gida, ki riƙa aunawa safe da yamma kina rubutawa. Idan lambar sama ta sauka ƙasa da 100, ko kina ganin jiri duk lokacin da kika miƙe daga zaune ko kika ɗago daga sujada, ki kai wa likita takardar ya rage maganin. Ke kada ki rage da kanki. Ki kuma yi gwaje-gwajen farko: sukarin safe kafin karyawa, HbA1c mai nuna matsakaicin sukarin jini na kusan wata uku, kolestarol, aikin ƙoda da na hanta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma idan babu lambobin farko ba yadda za a san ko tsarin ya gyara ko ya ɓata bayan wata uku.

Akwai waɗanda bai kamata su taɓa shi ba, kuma tunda wasu ma za su karanta wannan amsa, gara a faɗa dalla-dalla. Mai juna biyu da mai shayarwa su bar shi. An samu wasu masu shayarwa da jininsu ya yi tsami saboda shi. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya, da duk mai allurar insulin ko mai shan maganin sukari irin glibenclamide, glimepiride ko gliclazide, sukarinsa zai iya faɗuwa ƙasa da 3.9 a na'urar gwaji, wato 70 a na'urar da ke aiki da ɗaya ma'aunin, ya fara rawar jiki da gumi har ya suma, idan ba a rage maganin tun ranar farko ba. Mafi haɗari su ne masu shan magungunan sukari irin empagliflozin, dapagliflozin ko canagliflozin: haɗa waɗannan da keto yana iya jefa mutum cikin tsamin jini mai kisa alhali na'urar gwajin sukari tana nuna lamba mai kyau, don haka ba wanda zai yi zargi sai abu ya yi nisa. Metformin kaɗai ba ya cika kawo wannan matsala. Sauran da ya kamata su guje wa keto su ne mai ciwon ƙoda, mai ciwon hanta, wanda ya taɓa kumburin fankiriyas, wato gaɓar ciki mai samar da insulin, mai tsakuwa a matsarmama ko a ƙoda, mai ciwon gaɓoɓi na gawut, da wanda ya taɓa fama da larurar ƙin cin abinci. Mai sikila ma ya nisance shi, saboda bushewar ruwan jiki na cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Yara kuwa ba a sa su sai a asibiti.

To, tukunya. Labari mai daɗi shi ne miyarmu kusan duk keto ce tun asali. Kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, ayoyo, zogale, alayyahu, yakuwa, agushi, duk ganye ne da mai da nama da daddawa. Matsalar tana gefen da ake haɗiya. Garin masara, gero, dawa ko shinkafa, giram 100 nasa yana ɗauke da sitaci giram 70 zuwa sama, ke nan malmala ɗaya mai kyau ta wuce kason yini gaba ɗaya. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kusan giram 45 ne. Dafaffiyar doya giram 100 tana da kusan 27, dankalin Hausa kusan 20, yankan burodi ɗaya kusan 14. Lemon kwalba na santilita 35 yana da sukari kusan giram 37, ƙaramin cokalin sukari 4, babban cokalin zuma 17. Zuma tana da darajarta, amma a wannan lissafin sukari ce. Don haka na ɗan lokaci an yi sallama da tuwo, fura, kunu, koko, masa, gurasa, taliya, dambu, fate, garin kwaki da ɗan wake. Ɗan wake sunansa ne kawai wake, garin rogo ko fulawa sun fi yawa a cikinsa.

Waɗanda suka fi kayar da mutane ba su ne waɗannan ba, domin kowa ya san shinkafa. Masu kayarwa su ne abincin da ake yi wa kallon na lafiya. Wake yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, amma dafaffensa giram 100 yana da sitaci kusan giram 14 bayan an cire faiba, ke nan ƙosai da alale suna cinye kaso da sauri. Kunun aya, ko ba a zuba sukari ba, aya kanta sitaci ce da zaƙi, balle an markaɗa da dabino. Ayaba ɗaya matsakaiciya ta haura giram 20. Mangwaro giram 15 ne a kowane giram 100, kuma wa ya taɓa tsayawa a mangwaro ɗaya? Madara tana da nata sukarin, kusan giram 12 a kofi, ta gari tana iya fin haka idan aka cika cokali. Yogot na kanti yawanci an zuba masa sukari. Kilishi nama ne, amma wasu masu yi suna sa sukari ko zuma a labunsa, sai ki tambaya ko ki ɗanɗana. Kashu ya ninka gyaɗa sitaci sau uku ko fiye. Goro ma sitaci ne, ga mai yawan tauna shi. Albasa giram 9 ce a giram 100, tumatir kusan 3, ba laifi a miya, amma miyar dage-dage da aka narka albasa huɗu da tumatirin gwangwani biyu a ciki ba a shan ta da ludayi uku.

Abin da ya rage a faranti ba kaɗan ba ne. Ƙwai, naman sa, na rago, na akuya, kaza, zabo, kayan ciki, tarwaɗa, karfasa, sukumbiya, kifi banda, balangu, tsire, dambun nama, farfesu, awara, cuku, fara a lokacinta. Kabeji, latas, kokwamba, yalo, gauta, koren tattasai, rama, zogale. Fiya, kwakwa, gyaɗa da riɗi daidai gwargwado. Kindirmo na gida rabin kofi. Zoɓo da citta da kanumfari ba sukari. Shayi da lemon tsami. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli abinci ne cikakke a wannan tsari, muddin ba a barbaɗa masa garin kwaki ko sukari ba.

Furotin shi ne ginshiƙin da ake yawan mantawa, saboda sunan keto ya tafi ga mai. Ki nemi giram 1.2 zuwa 1.6 a kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawonki, ba nauyin yanzu ba. Idan muka ɗauki kilo 70, ke nan giram 85 zuwa 110 a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Dafaffen nama ko kifi giram 100, kamar faɗin tafin hannunki ban da yatsu, yana ba da giram 25 zuwa 30. Idan furotin ya gaza, jiki zai zubar da tsoka tare da kitse, ki wayi gari kin rame amma babu ƙarfi, fuska ta zube, gashi yana kakkaɓewa. Ganda ba ta shiga wannan lissafin sosai, ki ci don daɗi kawai.

Ga yadda yini ɗaya zai iya kasancewa. Da safe ƙwai uku a soya da ɗan man shanu, rabin ƙaramar albasa da tumatir ɗaya, rabin fiya, shayi ba sukari: sitaci kusan giram 7, furotin 20. Da rana miyar agushi da alayyahu, nama tafi ɗaya da rabi, da malmala ɗaya ta tuwon kabeji: sitaci kusan 13, furotin 40 zuwa sama. Da la'asar, idan da yunwa, gyaɗa cikin tafi ɗaya, mai nauyin kusan giram 30. Da dare gasasshen kifi da kwaɗon zogale: sitaci kusan 8, furotin 35. Jimilla sitaci ya tsaya kusa da 30, furotin ya haura 100. Wannan ya isa ya shigar da yawancin mutane cikin keton.

Tuwon kabejin nan, tunda bakin da ya saba haɗiya ba ya yarda da shan miya tsura, ga yadda ake yi. A yanka rabin kabeji matsakaici, kusan giram 500, a markaɗa da ruwa kaɗan. A juye a ƙyalle mai tsabta a matse shi sosai, irin matsar da ake yi wa awara, har ya daina ɗiga. A zuba a tukunya a kan wuta kaɗan a riƙa juyawa minti biyar, sannan a barbaɗa babban cokali ɗaya na garin psyllium, wani garin faiba mai ɗaure ruwa, wanda ake samu a manyan kantuna da wasu shagunan magani, a tuƙa har ya haɗe jikinsa. A kwashe malmala biyu a bari ya huce, da hucewa yake ƙara kamawa. Idan ya yi ruwa-ruwa, matsar ce ba ta isa ba. Idan ya koma kamar roba, garin ya yi yawa. Wasu suna ɗaure shi da garin oats ko semo, to wannan an dawo gidan jiya. Ba zai taɓa zama tuwon shinkafa ba, kada a yaudare ki, amma da miyar kuɓewa mai yauƙi yana wucewa. Wanda bai iya da shi ba ya yi miya mai kauri, ganye da yawa, ya sha da cokali.

Maganar mai tana bukatar a tsaya a kanta. Za ki ga ana cewa kashi 70 cikin ɗari na kalori ya fito daga maiƙo, har wasu na zuba man shanu da man kwakwa a kofi suna kurɓa. Wannan yawan maiƙo an gaje shi ne daga tsarin masu farfaɗiya, wanda nasa kason ya ma fi haka. Mai neman rage nauyi tana ɗauke da nata kitsen a jiki, kuma shi ake so hanta ta ƙona. Duk cokalin man da kika ƙara, jiki shi zai fara ƙonawa ya bar na cinya da na ciki. Babban cokali ɗaya na kowane irin mai kalori 120 ne. Ki dafa da mai yadda abinci zai yi daɗi ya riƙe ciki, cokali uku zuwa huɗu a yini, ki tsaya nan. Irin man ma yana da muhimmanci. Man shanu, kitsen rago, manja da man kwakwa suna da maiƙo mai daskarewa da yawa, wanda ke ɗaga mugun kolestarol, wato LDL, kuma akwai mutanen da nasu yake tashi ƙwarai a kan keto. Ga mai hawan jini wannan ba abin wasa ba ne. Ki jingina da man gyaɗa, man riɗi, man zaitun, fiya da kifi mai maiƙo irin sukumbiya, man shanu da manja su zama na ɗanɗano.

Makon farko shi ne mai wuya. Daga kwana na biyu zuwa na biyar za ki iya jin ciwon kai, kasala, jiri, saurin fushi, da ɗaurewar jijiyar ƙafa cikin dare. Yawancin wannan rashin gishiri da ruwa ne, ba yunwa ba. Ki sha ruwa lita biyu da rabi zuwa uku, wato leda biyar zuwa shida, fiye da haka a watannin zafi, ki kuma duba fitsari: idan ya yi duhu kamar shayi, ruwa bai isa ba. Kofin romon ƙashi mai ɗan gishiri yakan kwantar da ciwon kan cikin awa guda. Sai dai shawarar da ake yaɗawa ta shan ruwan gishiri da cokali an yi ta ne don marasa hawan jini. Ke gishirin miya da kofi ɗaya na romo sun isa, na'urar awonki ce alƙali. Ganye, fiya, kifi, gyaɗa da riɗi suna mayar wa jiki sinadaran fotashiyam da maganiziyam, waɗanda ake danganta ƙarancinsu da ɗaurewar jijiya. Kada a ce miki ki jiƙa kanwa ki sha don fotashiyam. Sinadarin da ya fi yawa a kanwa sodiyam ne, ɗan'uwan na gishiri. Wanda ba ya son wannan wahala yana iya saukowa a hankali: makon farko a bar sukari da lemo da burodi, na biyu a bar tuwon dare, na uku a bar sauran. Ya fi daɗewa, amma jiki bai cika yin bore ba.

Bushewar ciki kusan kowa yana gamuwa da ita, saboda dusar hatsi da wake da suke tura bayan gida sun fita. Ganye cike da faranti sau biyu a yini, miyar yauƙi, ruwa, da tafiyar minti talatin sukan warware ta. Ga mai basir wannan ba abin sakaci ba ne. Baki yakan yi wani ɗan wari kamar na abin goge farce, wani nau'in keton ne yake fita ta numfashi, yana raguwa bayan makonni. Asuwaki da kanumfari suna rufa asiri. Gashi yana iya zuba wata biyu zuwa huɗu bayan nauyi ya sauka da sauri, ya kuma dawo idan furotin ya wadata. Al'ada tana iya canza lokaci. Ga matan da ƙiba ta rikita musu al'ada kuma, saukar nauyi takan dawo da ƙwan haihuwa, don haka ciki na iya shiga ba zato. Ranar da gwaji ya nuna, ranar keto ya ƙare.

Ba dole ba ne ki sayi abin gwajin keton. Tsinken gwajin fitsari yana canza launi a makonnin farko, daga baya ya dusashe ko da kina kan hanya, saboda jiki ya koyi ƙona keton ɗin maimakon zubar da shi. Na jini ya fi gaskiya, ana neman 0.5 zuwa 3.0, kuma lamba babba ba ta nufin kitse ya fi saurin narkewa. Kuɗin ya fi amfani a kiret ɗin ƙwai. Haka su shayin keto, ƙwayoyin keto da alewar keto da ake tallatawa a Facebook da TikTok, babu ɗaya da tsarin yake bukata.

Idan zazzaɓin cizon sauro ya kama ki, ko amai da gudawa, ki ajiye keto nan take. Ki sha ruwan gishiri da sukari na ORS, ki sha kunu, ki ci abin da ciki ya karɓa. Maleriya kanta tana sauke sukarin jini, kwinin ma haka. Amai da ba ya tsayawa, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ko ruɗewa, waɗannan na asibiti ne a daren, ba na jiran safiya ba.

Azumi kuma: kada a fara keto a cikin Ramadan ko ana saura 'yan kwanaki, balle idan ya faɗo a zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato, Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40. Fitar ruwan makon farko da ƙishin azumi ba sa haɗuwa. Wanda ya riga ya yi wata guda a kai yakan samu azumin da sauƙi. Ƙaramin dabino ɗaya giram 5 ne zuwa 6, manyan nan masu laushi suna kai 18, don haka buɗa baki da ƙarami ɗaya da ruwa ya shiga lissafi lafiya lau. Daga nan farfesu, sannan abinci bayan magariba, sahur kuma ƙwai, fiya da ruwa mai yawa.

Wajen mako na huɗu zuwa na shida sikeli yakan tsaya, a nan ne mutane suke cewa abin ya daina aiki. Kafin ki yanke hukunci, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki na kwana uku. Yawanci ɓarawon yana cikin gida: kwalbar gyaɗa a gefen kujera, wadda giram 100 nata ya kusa kalori 600, man da ake tuttulawa ba awo, ɗanɗanen tukunyar yara, cokali biyu na shinkafar biki don kada uwar amarya ta ji haushi. Ga mata, ruwan da jiki ke riƙewa kafin al'ada yana ɓoye kilo ɗaya zuwa biyu. Rashin barci yana tayar da yunwa. Jikin da ya ragu kuma abincin da yake bukata ya ragu. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kafin karyawa, ki kuma auna ƙugu da tef ɗin tela daidai saitin cibiya, domin sau da yawa zani yana sassautawa sikeli yana tsaye. Ɗan motsa jiki mai sa tsoka aiki sau biyu ko uku a mako, ko tsugunawa da miƙewa ne da ɗaga jarkar ruwa, yana tsare tsokar da ake tsoron rasawa.

Kada kuma ki ɗora wa kanki kilo 30. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 5 zuwa 9 a wajenki, ya isa ya motsa sukari da hawan jini yadda za a gani a takardar gwaji.

Sai batun aljihu da gida, wanda shi ne yake kashe tsarin fiye da kowace illa. Hatsi ne abinci mai araha, nama da kifi su ne masu tsada, keto kuwa ya juya lissafin. Awara, ƙwai, kifi banda, kayan ciki da ganyen lambu su ne masu sauƙaƙa shi. Kada ki ɗora tukunya biyu. Miyar gida ɗaya ce, ke dai ki ƙara ganye da nama a naki kwanon ki bar malmalar. Idan kika ga ba zai ɗore ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi: tsayawa a giram 100 zuwa 130 a yini, wato barin sukari da lemo gaba ɗaya, rabin malmala sau ɗaya, wake a madadin shinkafa, ba keto ba ne, amma yana ba da kaso mai yawa na amfanin, kuma ana iya shekara goma a kai.

Shawarata gare ki ita ce mako 12, da sanin likita, sannan a maimaita gwaje-gwajen farko. Idan sukari ya sauka, jini ya daidaita, LDL bai tashi ba, kina iya ci gaba ko ki sassauta. Idan LDL ya yi tsalle, a cire man shanu, kitse, manja da man kwakwa a sake gwadawa bayan mako shida zuwa takwas. Idan bai sauko ba, a ƙara sitaci a fita daga keto. Fitar ma tana da tsari. Ki ƙara giram 10 zuwa 15 a yini kowane mako: da farko ludayin wake, mako na gaba lemon zaƙi ko gwaiba ɗaya, sannan rabin malmalar tuwon dawa, gero ko acca, da rana ba da dare ba. Kilo ɗaya ko biyu za su dawo a kwanakin farko, ruwan nan ne da ya tafi tun farko, ba kitse ba. Duk sabon abincin da kika dawo da shi, ki gwada sukari awa biyu bayan ci. Idan yana ƙasa da 7.8, wato 140, jikinki ya karɓi wannan adadin. Idan ya haura, ki rage rabi ki sake gwadawa washegari.